Cediyar da Rachid Ya Bari

Asabar, 21 ga Afrilu, 2007

Ƙanena Rachid ya tafi. Ya samu aikin tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, a Ohio, ya loda kayansa, abin da motar ta kasa ɗauka ya sauke mana a nan gidanmu na High Point Road: Baba, jakar magungunan Baba, da wata tukunya mai sanda a tsakiya.

Allah ya yafe min da na jera su haka. Amma haka ya sauke su.

Shekara biyu Baba yana wajensa tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ke yi masa wanka, shi ke kai shi bayi. Yanzu wa? Maigida suruki ne, ko ido ba ya iya haɗawa da Baba. Na tambayi Rachid, ya ce, "Yaya, ai aikinki ne, kullum shi kike yi." Wato don ina goge tsofaffin Turawa a gidan kula da tsofaffi, sai in tuɓe mahaifina.

Tukunyar kuwa wai bonsai ce, a bakin hanya ya saya wajen wani mai mota. Itacen da ake hana shi girma da gangan. Ganye bakwai na ƙirga, duk baƙi, suna danƙo. Abokansa sun mai da ita wurin kashe taba. Na sa leda a hannu na kai ta balko, 'yar barandar benenmu, na wanke hannun da jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, har sau biyu.

Litinin, 23 ga Afrilu

Na yi. Ba zan rubuta yadda aka yi wankan Baba ba.

Ya juya fuskarsa bango tun daga farko har ƙarshe. Ni kuma safar hannu biyu-biyu. A wurin aiki mutum takwas nake yi wa kafin azahar, zuciyata ba ta taɓa tashi ba. Yau ina fitowa na yi amai a kicin.

Wace irin 'ya ce ni.

Alhamis, 26 ga Afrilu

Gidan duk zarni. 'Yata Malika ta bar wa kakanta ɗakinta, tana kwana a falo, tana yawo da hanci a cikin riga. Na yi mata faɗa da Hausa, ta ba ni amsa da Turanci cewa ai ni ma haka nake yi. Shekara goma sha uku. Gaskiya ta faɗa.

Ga kiyashi sun yi layi daga tukunyar nan, ta ƙarƙashin ƙofar gilas, har gwangwanin sukari. Asabar zan kai ta bola.

Asabar, 28 ga Afrilu

Ban kai ba.

Na ɗauko ta zan wuce, Baba yana kujerarsa mai taya jikin ƙofar gilas. Sai ya buga hannun kujerar da hannunsa mai lafiya. Ya sake bugawa. "Kawo." Kalmar farko ke nan da ya yi min tun da ya zo.

Na ajiye masa a cinya, kan jarida. Ya sa farcen babban yatsa, farcen nan dogo, rawaya, ya kankare jikin sandar. A sama busasshe. Ya sauko ƙasa ya sake kankarewa, sai ga kore, sai ga wani farin ruwa kamar nono ya tsatso. Ya shinshina. Ya kai harshe. Na kau da kai.

"Cediya," in ji shi. Bakin a karkace, miyau na bin haɓarsa, amma na ji sarai. "Da rai."

Shekara arba'in yana garka a garinmu Mirriya, ba ni zan yi masa musu ba. Na mayar da ita balko. Sati ɗaya na ba ta.

Lahadi, 6 ga Mayu

Maigida ya zo da Sirajo, Bakanon nan mai karatun noma a jami'a, ya gaida Baba. Baba ya nuna masa balko da haɓa. Sirajo ya tsuguna ya daɗe yana juya ganye, sannan ya ce cikin ladabi, "Baba, ba cediyarmu ba ce. 'Yar'uwarta ce ta ƙasashen Sin, dangi ɗaya ne da ɓaure." Ya faɗi wani dogon suna na boko.

Baba ya fusata. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba tun ciwon, rabi ba a ganewa. Ɓaure ganyensa kaushi. Durumi ganyensa faɗi, da tsini. Gamji ba a ma magana. Wannan ƙarami, santsi, akuya na so. "Cediya." Sirajo ya ce to Baba, Allah ya ƙara lafiya.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne wannan. Ƙurajen nan masu ruwan ƙasa da ke manne a reshe, waɗanda na ɗauka ɓawon itacen ne, ashe ƙwari ne masu rai. Sirajo ya ɓanɓare ɗaya ya murje, wani ruwa rawaya ya fito. Tsotsar itacen suke yi, danƙon nan kuma kashinsu ne, shi kiyashi ke bi, shi ne ya yi baƙi a ganye. Kashinsu nake ta taɓawa sati biyu.

Ya ɗauraye hannu da ruwa zalla ya zauna ya ci tuwo. Mai karatun dakta.

Talata, 8 ga Mayu

Maigida ya ce Adamou mai gyaran mota zai je gida bayan ƙaramar Salla, zai iya raka Baba har Mirriya wajen Gwaggo Huseina, ƙanwarsa. Akwai mazan da za su kula da shi, ba sai 'yarsa ta ga tsiraicinsa ba. Haka ya ce, kuma ba da mugunta ba.

Na san can babu mai motsa masa jiki, maganin hawan jinin ma sai an je Damagaram, wani lokaci a samu, wani lokaci babu. Na san me likita ya ce. Na sani sarai.

Na ce to. Wani sanyi na ji a raina, shi ne abin da ya fi ba ni ƙyama.

Juma'a, 11 ga Mayu

Na yi wa Angelina zancen itacen a lokacin hutu, don in ba ta dariya. Nas ce 'yar Filifin, mun shekara huɗu tare. Ba ta yi dariya ba. Ashe mijinta yana da irinsu kusan arba'in a gidansu na Summerfield. Ta tambaye ni ko tukunyar tana da huji a ƙasa. Ban sani ba. Ta ce in babu, saiwar tana ruɓewa a cikin ruwa, a fitar da ita tun yanzu da zafi ya fara.

Yau da safe ta kawo min kasko mai huji huɗu da buhun tsakuwa haɗe da ɓawon itace. Ban roƙe ta ba. Yanzu kuma ya zama dole.

Lahadi, 13 ga Mayu

Ban taɓa jin wari irin na yau ba, kuma ni na san wari.

Na shimfiɗa leda a balko, na turo kujerar Baba bakin ƙofa. Tsakuwar da ke saman tukunyar ashe da gam aka manne ta, sai da na sa wuƙa da taɓarya. Babu huji. Da na kifa ta, wani baƙin ruwa ya zubo kamar an buɗe salga. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta rufe tagarta da ƙarfi.

Abin da na tsinto a ciki: guntayen taba ba adadi, cingam, ƙashin kaza, tsutsotsi farare masu kauri guda uku. Da murfin kwalbar giya. Na yi sauri na tura shi ƙarƙashin leda. Baba ya gani. Na ci gaba da tonon. A ɗakin da ake wannan aka ajiye Baba shekara biyu.

Saiwar baƙa ce, yauƙi, kana taɓawa tana saɓulewa kamar dafaffiyar kuɓewa. Na ce Baba wannan ta mutu. Ya ce, "Wanke." Na wanke a bokiti, ruwa uku. Can ciki sai ga 'yan farare masu ƙarfi, ba su fi yatsun hannu ba. Shi ke nunawa ni ke yankewa. "Nan." "A'a." "Ƙara." In na yi kuskure sai ya buga kujera. Safar hannuna ta yage a tsakiyar aikin, ban tsaya sauyawa ba don yana ta bugawa.

Sai ya ce toka. Ina zan samu toka a bene na biyu? Na juye ta kaskon turaren wutana, ya sa na barbaɗa a duk inda na yanka. Muka zaunar da ita a sabon kasko, na cusa tsakuwa da tsinken tsire, na zuba ruwa har ya fita ta ƙasa fes.

Na yi wanka sau biyu. Har yanzu ina jin warin a farcena.

Laraba, 23 ga Mayu

Ganyen bakwai duk sun zube. Yanzu sanda ce sosai. Maigida ya ce a rataya mata hula.

Baba ya daina cin abinci tun Litinin. In na kai cokali sai ya datse baki, kunun ya bi wuyansa, in goge, in sake. Na ɗaga masa murya yau. Ban taɓa yi ba.

Lahadi, 27 ga Mayu

Babu komai. Wanki, jabel, wanki.

Litinin, 4 ga Yuni

Ina haɗa jakar aiki na ji, "Fourera." Sunana, da duk harufansa. Na fito a guje na ɗauka faɗuwa ya yi. Yatsa yake nunawa. A jikin sandar wasu 'yan kore kamar ƙwayar shinkafa, biyar, ɗaya ma can ƙasa inda ya kankare.

Ya sha kunu kofi guda da rabi.

Ƙwarin nan ma sun ji labari, sun dawo. Angelina ta ce auduga da sifirit, ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya kafin in tafi. In sun fashe sai tsigar jikina ta tashi.

Asabar, 30 ga Yuni

Angelina ta matsa sai mun kawo Baba ya ga itatuwan mijinta. Muka je Summerfield, ni da shi da Malika. Gidaje can nesa da juna, dawaki a bayan shinge. Mutumin ya jera itatuwansa a kan benci, wasu an nannaɗe su da waya tun daga gindi har kai. Baba ya taɓe baki ya ce, "Fursuna." Ban fassara ba.

Amma akwai wata tsohuwa a ƙarshen layi, tsayinta bai kai gwiwata ba, gindinta ya yi tankwashe-tankwashe kamar cediyar kasuwar Mirriya. Baba ya sa na tsayar da kujera a nan. Ya daɗe. Ya tambayi shekarunta, aka ce sun fi talatin. Ya sa hannu ƙarƙashin kaskon yana laluben hujin.

A hanyar dawowa cikinsa ya ɓaci a mota. Ga zafi, ga cunkoso. Malika ta fitar da kai ta taga tana kuka. Shi kuma ya rufe ido yana ta istigfari a hankali. Awa biyu ina goge kujerar mota a filin ajiye motoci, mutane suna wucewa.

Oktoba. Saura wata uku da rabi Adamou ya tafi da shi.

Lahadi, 15 ga Yuli

Ta cika da ganye, ta yi buya-buya kamar kan da bai ga kitso ba. Mijin Angelina ya aiko da waya, wai a lanƙwasa rassan su kwanta kamar na tsohon itace. Baba ya ƙi. Ya ce a kawo zare da ƙananan duwatsu, a rataya wa kowane reshe nauyi daidai ƙarfinsa, zai sauko da kansa. Haka yake yi wa lemo a garka.

Askin dai ya yarda. Duk reshen da ya yi ganye shida a mai da shi biyu. Farin ruwan nan ya ɓata min almakashi, ya manne min a yatsu, ya yi baƙi, sabulu ba ya fitarwa.

Hannu ɗaya ba ya ƙulli. Sai na ga ya ɗauko mataccen hannun da mai lafiyar, ya ɗora a cinya, ya cusa bakin zaren tsakanin yatsun. Sun riƙe. Ba sosai ba, amma sun riƙe. Mai motsa masa jiki wata biyu tana roƙonsa ya matse ƙwallo, ya ƙi.

Alhamis, 9 ga Agusta

Zafi kamar na gida. Ban ruwa sau biyu a rana. Baba ya dage sai da ruwan wankin shinkafa, na tara masa a galan, ya yi tsami, ƙuda sun cika balko. Na zubar, na ce masa ya ƙare.

Rachid ya kira. Bayan gaisuwa, "Malika ta ce itacena ya tashi?" Itacena. Sai da na ce ga Baba, sannan ya tuna.

Asabar, 1 ga Satumba

Adamou ya zo, shi da maigida suna maganar rana da jirgi a falo, da murya ƙasa-ƙasa, kamar ciwon ya taɓa kunnen Baba ne. Uku ga Nuwamba.

Da suka fita ina sauya masa zanin gado ya ce, "Zan tafi." Na ci gaba da jan zanin. Ya ce, "Na yi nauyi." Na ce Baba ɗaga ƙafa.

Can ya tambaya ko jirgi yana ɗaukar itace. Na ce ba sa bari. Ya gyaɗa kai. Sai ya shiga gaya min: kar in ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji bushewa, in juya ta ga rana duk Juma'a, dutsen reshen hagu a cire shi bayan Salla. A hankali, yana maimaitawa, kamar mai barin wasiyya.

Na shiga bayi na goge tayil ɗin da na riga na goge da safe.

Litinin, 24 ga Satumba

Azumi na goma sha biyu. Warin komai ya ninka.

Sirajo ya zo shan ruwa. Kafin ya zauna Baba ya sa an turo shi balko. Daga ƙarƙashin babban reshen wata siririyar saiwa ta sauko a iska, ja-ja, tana neman ƙasa. Kwana huɗu Baba yana ɓoye ta don wannan ranar. "Gemu," in ji shi. "Wa ke gemu?" Sirajo ya buɗe baki zai ce ta Sin ɗin ma tana yi, na ga kalmar a leɓensa, na harare shi. Ya ce, "Cediya, Baba."

Baba ya yi dariya, rabin fuska, miyau har riga. Na goge masa da bakin mayafina, tsumman yana nesa.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Rachid ya zo Salla, ya yi ƙiba. Ya ci, ya yi hoto da Baba, ya yi barci. Ko sau ɗaya bai ce a kawo in taimaka a kai shi bayi ba.

Yau da zai koma na fito daga kicin na gan shi rungume da kaskon, wai zai yi kyau a sabon ɗakinsa, tunda Baba tafiya zai yi, ni kuma ai na tsani abin. Duwatsun suna ta lilo. Baba yana kallonsa.

Ban san lokacin da na isa ƙofa ba. Na ce ajiye. Ya ce Yaya ai ni na saya. Na gaya masa abin da na tono a cikin tukunyarsa, ɗaya bayan ɗaya, har da murfin, a gaban maigida. Na ce in ya taɓa ganye ɗaya kar ya ƙara tako min gida. Ya ajiye. Ya durƙusa ya yi wa Baba sallama.

Bai kamata in faɗi murfin ba. Itace ne kawai. Ban san me ya hau kaina ba.

Talata, 30 ga Oktoba

Sanyi ya sauko, an ce raɓa za ta daskare. Angelina ta ce irin wannan ba ta jure sanyi ko na kwana ɗaya, tun makon jiya ya kamata ta shigo. Babu taga mai rana sai ta ɗakin Baba. Na wanke kaskon, na duba ƙarƙashin kowane ganye, ƙwaro biyu kawai, na murje su da yatsa. Tana kan teburin maganinsa yanzu. Za ta zubar da ganye saboda sauyin wuri, wai kar a tsorata.

Na kira Adamou na ce ya yi tafiyarsa, Allah ya kiyaye hanya. Na ce wa maigida ban iya ban ruwan nan ba tukuna, in Baba ya tafi kashe ta zan yi, a bari sai bazara mu gani. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Sai bazara." Ya ce kuma daga gobe shi zai riƙa ɗaga Baba zuwa bayi da safe, kunya ba ta kashe mutum.

Ban gaya wa Baba da baki ba. Na dai kwance jakarsa na mayar da rigunan cikin durowa yana kallo. Ya ce reshen hagu yana son aski.

Ɗakin har yanzu yana zarni, kar in yi wa kaina ƙarya. Gobe akwai wanki.

Baba ya rage kunu a kofi, na shanye a tsaye ina sauri. Sai da nake wanke cokalin na tuna nasa ne.